Cikin da Aka Ce Ya Kwanta

Laifin Ummaru kwaɗayin gonar mamaci ne, ba wani abu ba. Bai daki kowa ba, bai zagi kowa ba, ko murya bai taɓa ɗagawa a tsakar gida ba. Ƙanensa ya mutu ya bar mata da fadamar shinkafa a bakin gulbi. Ya duba ya ga muddin matar tana zaune da ciwonta, fadamar tana hannunsa, sai ya bar ta da ciwon. Duk tsawon lokacin da yake wannan ɗanyen aiki, mutanen unguwarsu a Argungu yabonsa suke yi, suna cewa ga mai riƙon zumunci.

Munzali, ƙanen nasa, da kaka ya rasu, ana tsakiyar yankan shinkafa. Matarsa Zuhura ta shiga takaba a ɗakinta. Ta ajiye kwalli da turare, ta cire 'yan kunne, ta ɗaura zane guda mai duhu, tana jiran wata huɗu da kwana goma su cika ta koma wurin yayarta Mansura a Birnin Kebbi, don iyayensu sun daɗe da rasuwa. Allah bai ba su haihuwa ba ita da Munzali. Wannan shi ya fi komai cin ran Inna Laure, uwar Ummaru da Munzali: ɗa ya tafi bai bar baya ba.

Takaba ta kusa ƙarewa, wata safiya Zuhura tana alwala a bakin rariya, Inna ta tsaya ta ƙura mata ido.

"Ke Zuhura, zo nan. Yaushe rabonki da hwashin salla?"

Zuhura ta sunkuyar da kai. "Tun kahin rasuwa, Inna."

"Tun kahin rasuwa! Shi ne kinka yi shiru? Ɗago in gan ki."

Inna ta kama haɓarta ta juya fuskar dama da hagu. Fuskar ta cika, kumatu sun yi ja. Ta ɗora tafin hannu a kan cikin, ta ji ya tasa. Tsohuwa ta zauna daɓas a kan turmi, ta fashe da kuka tana hamdala.

"Munzali bai tahi duka ba. Wallahi bai tahi duka ba!"

Zuhura ita ma ta yi kuka. Al'adarta dama ta jima tana yi mata wasa, ta zo wannan wata ta ɓace na gaba, amma ba ta faɗi haka ba. Wa zai ga tsohuwa cikin irin wannan murna ya tsinka mata ita? Balle ita kanta tana so ya zama gaskiya.

Da Ummaru ya dawo daga fadama da azahar aka gaya masa. Ya ce, "Alhamdu lillahi. To Inna, kin san hukunci. Mai ciki takabarta sai ta haihu. Gado kuma ba a raba shi da ɗa cikin ciki, sai an ga abin da Allah ya kawo, mace ko namiji. Hwadamar marigayi da injin ban-ruwa, ni za ni riƙe su amana."

Abin da ya faɗa gaskiya ne, haka hukuncin yake. Ranar ma wataƙila zuciyarsa ɗaya. Ya shuka albasa da rani, ya dasa shinkafa da damina, gona ta yi kyawun da ba ta taɓa yi ba. Daga nan zuciyar ta lalace.

Watannin haihuwa suka cika suka wuce, ba naƙuda. Ko motsi Zuhura ba ta taɓa ji ba. Inna ba ta damu ba.

"Kwanciya yay yi," in ji ta. "Baƙin cikin rasuwar uba ne ya kwantar da shi. Kakata ta san wadda cikinta ya kwanta shekara huɗu, ya tashi ta haihi ƙato."

"Malamai ma sun ambaci irin wanga," in ji Ummaru. "A bar ma Allah ikonai."

Haka mutanenmu suka gada: ɗa yakan yi barci a cikin uwarsa, ya daina girma, sai ran da Allah ya tashe shi. Da wannan magana aka rufe bakin kowa. Takaba ta ci gaba, gado ya ci gaba da jira.

Jikin Zuhura kuwa bai tsaya jiran kowa ba. Cikin ya ci gaba da tasowa, amma ba irin na mai juna biyu ba, ya yi taushi ya zubo gefe da gefe. Hannuwa da ƙafafu suka sirance kamar sillen kara. Fuska ta zama kamar faifai, har in ta leƙa randa ba ta gane mai kallonta. Wani tudun kitse ya fito mata a bayan wuya kamar tozon sa. Nankarwa masu faɗi, masu launin ruwan zoɓo, suka tsattsaga mata ciki da cinyoyi. In ta ɗan bugi ƙyaure sai jini ya kwanta a wurin, ya daɗe bai washe ba. Daga baya gashi ya tsiro mata a haɓa.

Kowace alama da ta fito, akwai amsarta a gidan. Gashin haɓa, matan unguwa suka ce ai namiji ne, shi ya sa. Ƙishirwar da ba ta ƙarewa, da kiyashin da ke taruwa inda ta yi fitsari, Inna ta ce ɗan ne mai son ruwa irin ubansa. Ciwon kai da jiri, aka ce kwantacce nauyi gare shi. Aka jiƙa mata sassaƙe, aka kawo rubutu kwano-kwano, ta sha.

Shinkafar fadamar Munzali a tsakar gidan ake sauke ta, kuma Zuhura ke turara ta. Matar Ummaru tana da goyo, Inna ta tsufa, mai ciki kuma, in ji Ummaru, motsa jiki alheri ne gare ta. Ita ke jiƙawa, ita ke hura wuta ƙarƙashin rabin duro, ita ke kwashewa da zafinta ta baza a tabarma. Mai takaba ba ta zuwa biki, ba ta zuwa suna, ba ta leƙa kasuwa. Ƙawayenta sun yi ta zuwa da farko, sannan ƙafa ta ɗauke, don ba wanda ke jure zaman makokin da ba ya ƙarewa. Sai ya zama ba ta da abokin hira sai cikin. Tana juya shinkafa a rana tana yi masa tsiya.

"Kai malalaci, ka tashi mana. Ubanka da asuba shina hwadama, kai wa kab biyo? Tashi ka ga gonarka, ana ta ci ba ka nan."

In ta faɗi haka sai ta yi 'yar dariya ita kaɗai, ta saurara ko za ta ji ya shure ta.

Mansura takan kira ta a waya. Kullum amsar ɗaya ce: "Lahiya lau, Yaya. Kada ki wahal da kanki, in na haihu kya zo suna." Kunyar gemun take ji. Sau ɗaya da Mansura ta zo duba ta, a ɗaki mai duhu Zuhura ta tarbe ta, ta ja lulluɓi har baki. Yayar ta ga ƙiba, ta ɗauka ta ciki ce, ta koma Birni da murnarta.

Wata kakar ta zagayo. Inna ta gaji da jira, ta aika aka kira Baiwa, tsohuwar ungozomar da ta yanke wa rabin unguwar cibi, ta zo ta ba da maganin da ke tashin kwantacce. Baiwa ta sa Zuhura ta kwanta, ta danna nan ta danna can, ta kara kunne, ta daɗe. Ta duba nankarwar, ta duba siraran ƙafafun. Ta tashi ta wanke hannu.

"Yaya kinka ji shi?" in ji Inna.

"Bari in ga mai gida tukun."

Ummaru yana zaure. Zuhura ta fito korar kaji daga shanyar da ta baza a gindin bangon zauren, sai ta ji muryar Baiwa ta saman katanga.

"Ummaru, ni na yanke maka cibi, ba ni yi maka ƙarya. Babu ɗa cikin yarinyar ga. Mahaihwa tana can ƙasa, wayam. Kwantacce ma ana jin ƙullinai, wanga kitse ne. Ciwo gare ta, kuma ba irin wanda nake ma magani ba ne. Ku kai ta Birni a duba ta."

Ummaru ya sassauta murya.

"Kin hwaɗa ma Inna?"

"A'a."

"To kada ki hwaɗa. Tsohuwar ga, wanga ciki ne ya riƙe ta duniya. In kinka cire mata shi, ke kin kashe ta."

"Yarinyar hwa?"

"Yarinya tana ci tana sha. Ba ki ga ƙibarta ba? Bari a cire albasa, ni da kaina za ni kai ta."

Baiwa ta koma ta ce wa Inna a ci gaba da addu'a. Da yamma aka bi ta gida da ƙwaryar shinkafa. Ta san gaskiya, ta faɗe ta sau ɗaya a inda ba ta da amfani, ta ja bakinta. Ita ma da nata kason a cikin alhakin.

Zuhura ta zauna a gindin bango. Kaji suka dawo suka hau shinkafar suna tonawa, ba ta kore su ba. Ta yi rashin ɗa a ranar, ɗan da ba a taɓa halitta ba, kuma babu mai yi mata gaisuwa don babu wanda ya san an yi rashin. Tun daga ranar ba ta sake yi wa cikin magana ba. Gidan ya ƙara yi mata faɗi.

Ta yi kwanaki tana juya abin a ranta. In ta faɗa wa Inna, tsohuwa ta faɗi ta mutu, wa za a ce ya kashe ta? In kuma babu ɗan, ita mece ce a gidan? Mace mai gemu da tozo, wadda ta ci abincin mutane shekara guda da sunan ciki. Daga ƙarshe ta sami Ummaru yana gyaran tiyon ban-ruwa a tsakar gida, ta durƙusa daga nesa kamar yadda ake yi wa wan miji.

"Yaya, ina son a kai ni asibiti."

Bai ɗago ba. "Mi kinka rasa gidan ga?"

"Ban rasa komi ba. Jikina ne ba ni ganewa."

"Mai takaba da yawon asibiti? Mi mutane za su ce, Munzali bai daɗe ƙasa ba matatai na hawa mota?"

Inna ta jiyo daga ɗaki, ta fito da sauri. "Asibiti? Su kara mata wanga inji nasu mai haske, su ƙone mani jika? Ba da ni ba. Kwantacce ba a tsokanarshi."

"Kin ji ko," in ji Ummaru, yana naɗe tiyo. "Ki yi haƙuri a cire albasa."

Aka cire albasa. Ya ce a bari a dasa shinkafa. Aka dasa. Ya ce gulbi ya cika, hankalinsa na kan ambaliya. Bai taɓa ce mata ba zai kai ta ba. Bai kuma ƙara yarda idonsa ya haɗu da nata ba, in ya shigo gida ta bayan rumbu yake zagayawa.

Ƙarfin cinyoyinta ya tafi. In ta yi sujada ba ta iya tasowa sai ta dafa bango, har ta koma salla a zaune. Itacen wuta ya karce ta a ƙwauri, ɗan ƙaramin karce, ya zama gyambo ya ƙi warkewa. 'Ya'yan Ummaru da suka saba kwana a ɗakinta lokacin Munzali yana da rai, yanzu in ta miƙa musu ƙosai sai su ruga su ɓoye bayan uwarsu. Abincinta a bakin ƙofa ake ajiyewa. Takan wuni ba ta ji an kama sunanta ba, sai in wutar duro ta mutu.

Wata hantsi ta sunkuya za ta kwashe shinkafa daga duro. Ba faɗuwa ta yi ba, ba wani nauyi ta ɗauka ba, sunkuyawa kawai. Ta ji ƙas a tsakiyar bayanta. Ta zube a gefen murhu, tururi na dukan fuskarta, ta kasa ko jan jiki, sai da matar Ummaru ta fito shanya ta gan ta ta yi kururuwa.

Ummaru ya kira maɗori, ya shafa mata mai ya ɗaure ta da tsumma. Inna kuwa ta shigo ɗakin fuskarta cike da annuri, ta zauna a gefen tabarma tana shafa cikin.

"Kin ji ko? Juyi yay yi. Ya hwara tashi, 'yar nan. Ki daure, ki daure, ya kusa."

Zuhura ta dubi tsohuwar, ta juya fuska bango. A nan ta gane in ta mutu a ɗakin nan, cewa za a yi naƙuda ce ta zo da gardama, a binne ta a ce ta tafi da ɗan Munzali, kowa ya koma harkarsa. Da la'asar, ana ta sauke buhuna a tsakar gida, ta lalubo wayarta a ƙarƙashin matashi.

"Yaya," ta ce, "ƙarya nike maki, ba ni da lahiya. In kina son ki gan ni da rai ki zo. Ki zo da mota."

Washegari da safe Mansura ta iso da motar haya. Ta yi sallama ta shiga ɗakin, ta ga wata mata kwance ba lulluɓi. Ta gaishe ta da ladabi irin na baƙuwa, ta ce, "Baiwar Allah, ina Zuhura?"

"Ni ce, Yaya."

Mansura ba ta yi kuka ba. Ta durƙusa ta dubi gemun, ta dubi gyambon, ta ɗaga zane ta dubi cikin. Ta fita ta kira direba, su uku da matar Ummaru suka ɗauko Zuhura da tabarmarta suka fito tsakar gida. Nan suka yi kiciɓis da Ummaru, Inna na bayansa.

"Hajiya Mansura, lahiya? Ina za a kai mai takaba?"

"Inda ya kamata ka kai ta tun bara."

"Ki tsaya mu yi magana ta hankali. Ciki gare ta, amanar ƙanena ce. In wani abu ya sami ɗan a hanya, ke za ki ɗauki alhaki?"

"Wane malami ya ce maka takaba ta hana magani? Kawo shi in gan shi. Dubi abin da kunka mai da ita!"

Inna ta tare ƙofa da hannu biyu. "Ba ku hita mani da jika. Jiya yaj juya, da hannuna na ji."

Zuhura tana kwance a ƙasa a tsakiyarsu, ana magana ta samanta kamar buhu. Ta ɗaga murya iyakar ƙarfinta.

"Inna, ki gahwarce ni. Babu ɗa. Ranar da Baiwa taz zo, ina bayan zaure, na ji ta hwaɗa ma Yaya Ummaru babu komi cikina sai ciwo, a kai ni Birni. Yac ce kada ta hwaɗa maki. Ni ma na ɓoye maki, ina tsoron ki mutu. Yanzu ni ce za ni mutu."

Inna, kamar sauran matan zamaninta, ba ta taɓa kama sunan ɗan farinta ba tun da ta haife shi, sai dai ta ce "kai" ko "mai gidan nan". Ranar ta kama.

"Ummaru. Gaskiya ne?"

"Inna, don ke niy yi. Na ga yadda hankalinki..."

"Ummaru, tambayarka nike. Baiwa ta hwaɗa maka?"

Ya dubi buhunan da ke jingine da rumbu, ya dubi ƙasa. Inna ta sauke hannuwanta daga ƙofa, ta matsa gefe.

"Ku ɗauke ta," ta ce.

A asibitin Birnin Kebbi hoton ciki bai ɗauki lokaci ba: mahaifa babu kowa. Aka auna jini aka sami hawan jini da ciwon suga. Likitar da ta karɓe ta, wata mace mai suna Munira, ta sa aka yi ta gwaje-gwaje, a tara fitsarin wuni da kwana, a ba ta ƙwaya ta haɗiye a ɗebi jini da safe. Da sakamako ya fito ta jawo kujera ta zauna a gaban gadon.

"Ciwonki ba a ciki yake ba, Zuhura, a kai yake. A gindin ƙwaƙwalwa, can bayan hanci, akwai wata 'yar tsoka kamar ƙwayar wake. Aikinta aika saƙo ta cikin jini. Ɗaya daga saƙonninta yana zuwa wurin wasu 'yan tsokoki biyu da ke zaune a saman ƙoda, ya ce musu su saki wani sinadari da muke kira kotisol. Kowa yana da shi, kuma kowa yana bukatarsa. Shi ke ba mutum ƙarfin tashi da safe, shi ke riƙe jiki in an shiga tsoro ko ciwo."

"To mi ya ɓaci?" in ji Mansura.

"Ku manoman fadama ne, kun san ban-ruwa. In fangalin shinkafa ya cika da ruwa, ana kashe inji. Haka jiki yake: in kotisol ya isa a jini, 'yar tsokar nan ta kai tana ji, sai ta daina aika saƙon. Ita Zuhura, alamu sun nuna ƙari ne ya fito mata a wurin, ɗan mitsitsi. Ƙarin ba ya jin an ce ya isa. Saƙo yake ta aikawa dare da rana, na saman ƙoda suna ta zubowa, ba mai kashe inji. Ruwan da ke raya shinkafa, in ya yi yawa shi ke ruɓar da ita. Yawan kotisol ɗin ne ya kwashe naman hannu da ƙafa ya tara kitse a ciki da fuska da wuya. Shi ya sirantar da fata, shi ya kawo suga da hawan jini, shi ya ɗauke al'ada. Shi ya cinye ƙashi har ƙashin bayanki ya murƙushe daga sunkuyawa."

Zuhura ta juyo ta dubi likitar. "Ana warkewa?"

"Ana cire ƙarin ta hanci, ba a fasa kai. Za mu tura ki Sakkwato a ɗauki hoton ƙwaƙwalwa a tabbatar, can za a yi aikin. Fuska za ta sauka, suga zai yi sauƙi, in Allah ya yarda. Amma ba zan ɓoye miki ba, ƙashin da ya murƙushe ba ya komawa yadda yake. Da kin zo tun kafin ya kai ga ƙashi, da wata maganar muke yi."

Malamin Nasarawa, unguwar su Mansura a Birnin Kebbi, da aka kai masa tambaya, ya ce tunda babu ciki, takaba ta daɗe da ƙarewa. Watau duk zaman da Zuhura ta yi a ɗakin nan bayan haka, ba na Allah ba ne, na Ummaru ne.

Alƙali ya sa aka raba gado. Da amfanin kasonta aka kai ta Sakkwato, aka yi aikin, aka dace. Ta daɗe tana shan magani kafin jiki ya koyi daidaita kansa. Fuskar ta sauka a hankali, gyambon ya rufe, al'ada ta dawo. Bayan ne bai miƙe ba. Tana nan a Nasarawa a ɗakin da Mansura ta ware mata, mace da ƙuruciyarta tana dogara sanda kamar tsohuwa. Da rana kowa ya fita nema, ita ke tsaron gida. Ba ta cika magana ba.

Yanzu ga lissafin Ummaru, don wanda ke da irin zuciyarsa ya ji.

Da ya bari an kai ta asibiti ranar da Baiwa ta gaya masa, rubu'in fadamar kawai zai fita daga gidan, kason matar da ba ta haihu ba. Sulusi na Inna ne, kuma shi zai ci gaba da nome shi, shi zai gaje shi. Saura nasa. Rubu'in nan ne ya ƙi saki.

Rubu'in ya fita, kuma ƙuri'a ta faɗa a ɓangaren bakin gulbi, inda ruwa yake. Alƙali ya sa ya mayar da kason masu gado na duk shinkafa da albasar da ya ci da sunan amana, har sai da ya sayar da injin ban-ruwa da shanun huɗarsa. Inna ta tara shaidu a gaban liman, ta ba Zuhura sulusinta kyauta, ta ce na ƙashin bayanta ne. Abin da ya rage masa bai kai rabi ba, can wajen tudu, sai ya roƙi maƙwabci ruwa. A unguwa an daina kiransa shaidar aure ko ta ciniki, kuma babu mai tafiya da zai bar masa ko akuya ajiya.

Inna ba ta mutu ba, kamar yadda ya ce za ta mutu. Ta ɗaure kayanta ta koma Zauro wurin ƙanenta. Da salla Ummaru ya sa sabuwar riga ya tafi gaishe ta. Ya yi sallama, aka shimfiɗa masa tabarma a zaure, aka shiga aka faɗa mata. Ya zauna tun hantsi har aka kira la'asar. Ba ta fito ba, ba ta ce ya shigo ba. Ruwa kawai aka kawo masa a kofin da ake ba baƙi. Ya sha, ya sa takalmansa, ya koma Argungu.